Sauro da Baƙon da Yake Shigo Mana da Shi: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya

 



Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce kwamiti ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, na san abin da ake zato. Tsohon hedimasta ai ba zai wuce kukan lalacewar ilimi ba, da ƙarancin malamai, da rufin aji da iska ta yaye. Wannan kuka na daɗe ina yin sa, har wasunku sun haddace. Yau da sauro na zo. Na ga wasu suna murmushi, to a yi mini haƙuri. Halittar da Allah ya buga misali da ita a aya ta 26 ta Suratul Baƙara ba ta yi ƙanƙantar da za a ƙi ba ta rabin sa'a a taron gari ba.

A makaranta na fara sanin girman lamarin, ba a asibiti ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san yadda shafinta yake canza kama idan an dawo daga dogon hutu. Daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da gero ya nuna ana gasa tumu, sai ka ga alamar fashi ta cika layi. Ka tambaya a ce maka wane yana kwance, masassara. Iyayenmu sun ɗora laifin a kan sabon gero da ɗanyar masara, wasu kuma a kan zafin ranar kaka. Ba su yi ƙarya ba game da lokacin, domin sun lura da kyau. Abin da ya kuɓuce musu shi ne dalilin. Ruwan da ya nunar da gero shi ne ya kwanta a ramuka ya ƙyanƙyashe sauro. Gero da zazzaɓi tagwaye ne da damina ta haifa, amma ɗaya bai haifi ɗaya ba.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu a wata makarantar ƙauye da na riƙe, wadda har yau ban manta da wurin zamanta ba, kusa da taga. Ranar Alhamis ta tashi tare da 'yan'uwanta lafiya lau. Ranar Litinin mahaifinta ya zo da kansa ya dawo mini da littafin karatun da muka ara mata. Ya ce zazzaɓi ya kama ta daren Juma'a, aka ba ta ragowar ƙwayoyin da yayanta ya sha ya rage. Ranar Asabar da dare ta fara jijjiga, aka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Sai da asubahin Lahadi aka samu abin hawa, ba ta kai asibiti ba. Ajali ne, wannan babu musu. Amma Wanda ya ƙaddara ajali Shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma tsakanin daren Juma'a da asubahin Lahadi akwai sa'o'i fiye da 30 waɗanda a hannunmu suke.

To, bari in koma aikina na da, in ɗan yi darasi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa zaman halittu da juna iri-iri ne. Belbela tana bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar, ta ƙoshi, saniya kuwa ba ta rasa komai ba. Amma akwai wani zaman wanda ɗaya yake rayuwa a jikin ɗaya, yana ci daga gare shi, yana kuma cutar da shi. Manomi ya san ƙuduji, wanda yake manne wa saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ya shanye ta tun kafin a ga jan furensa. Ya san kauci a reshen itace. Makiyayi ya san kaska. Mu duka mun san ƙwarƙwata da kuɗin cizo, manyanmu kuma sun san kurkunu. Waɗannan su ne ci-ma-zaune na gaskiya, kuma dabararsu guda ce: su ci, amma kada su yi saurin kashe mai masaukinsu kafin su samu hanyar tsallakawa zuwa wani.

Sauro shi kansa ɓarawon dare ne, ya ɗiba ya gudu. Namijinsa ma ba ya cizo, ruwan furanni yake sha. Macen ce take neman jini, ba don mugunta ba, sai don ƙwayayen cikinta ba sa ƙosawa sai da shi. Tana gano mu ta numfashin da muke fitarwa, da ɗumin jiki, da warin gumi. Idan ta sauka, abin da muke gani kamar allura guda a bakinta, a gaskiya tsinkaye shida ne a cikin kube, wasu na yanka, ɗaya na zuƙa, ɗaya kuma na tofa miyau domin kada jinin ya daskare. Wannan miyau shi ne yake sa ƙaiƙayi da ɗan kumburi. Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce ta ci ɗigo guda, Allah ya ba mu lada. Masifar tana cikin miyan.

A cikinsa ne ainihin ci-ma-zaunen yake, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda masana suke kira Falasmodiyum. Sauro jakinta ne kawai. Idan ta shiga jikin mutum, ba ta tsayawa a jini. Hanta take nufa ta ɓuya kimanin mako guda, mutum yana harkokinsa bai san ya yi baƙo ba. A can kowace guda take hayayyafa ta zama dubbai. Sa'an nan su fito su auka wa jajayen ƙwayoyin jini, su shige ciki, su ci, su ƙara yawa, bayan kamar kwana biyu su fasa ƙwayar su fito su kama wasu. Wannan fashewa ita ce take kawo rawar ɗari da zafin jiki da ciwon kai. Shi ya sa masassara take lafawa ta dawo, har a ce ta yi sauƙi alhali shiri take sakewa. Shi ya sa kuma yaro yake ɗashewa, tafin hannunsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura. Irin da ya fi yawa a ƙasarmu shi ne mafi kisa, domin yana sa ƙwayoyin jinin da ya kama su manne a ƙananan jijiyoyi, har na ƙwaƙwalwa. Jijjigar da muke cewa iska, sau da yawa ke nan.

Ga wurin da nake so a riƙe da kyau. Ba a haifar sauro da wannan cuta. Sai ya ciji mai ɗauke da ita tukuna, ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinsa, ta gangaro wurin miyau, kafin ya iya zuba wa wani. Ashe ke nan mu ne rumbunta. Babban mutum da ya saba da ita, yana yawo da ita a jininsa ba tare da ya kwanta ba, shi ne yake ciyar da sauron da zai ciji jaririn ɗakin da ke kusa. Mai gidan da ya ce shi sauro ba ya yi masa komai, don haka ba ya bukatar gidan sauro, ya sani ba don kansa kaɗai ake roƙonsa ba.

Wannan sani bai daɗe a duniya ba. Sunan maleriya ma daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa mugunyar iska, domin su ma Turawa tururin fadama suka daɗe suna zargi. Kada wani ya ɗauka kakanninmu ne kaɗai suka yi kuskure. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar a jinin majiyyaci ta madubin likita. A ranar 20 ga Agusta, 1897, Ronald Ross, likitan Ingila da ke aiki a Indiya, ya gan ta a cikin tumbin sauro, masanan Italiya kuma suka tabbatar jinsin da ake kira Anofilis ne yake kai ta ga mutane. Magani kuwa ya riga sanin dalili. A 1841 Turawa sun shigo Kwara da jiragen ruwa, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, suka koma. A 1854 Dokta Baikie ya shigo har cikin Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, bai rasa ko mutum guda ba. Shi ne daga baya ya zauna a Lakwaja. Mai nazarin tarihi zai iya cewa sauro ya daɗe yana tsaron ƙofar ƙasar nan, kwinin ne ya buɗe ta. Amma mai gadin da yake cin 'ya'yan gida ba abin yabo ba ne.

Ba zazzaɓi kaɗai sauro yake kawowa ba. Tundurmi da wani nau'in gwaiwa daga wata tsutsa suke, wadda sauro yake ɗauka daga wani ya kai wa wani. Shawara mai kisa, wadda ake yi wa yara allurarta a wata tara, wani sauro ne mai zanen fari a ƙafa yake yaɗa ta, shi kuma da rana yake cizo, a cikin tulu da tsohuwar taya da gwangwani yake ƙwai. Amma ƙanjamau ba ya bin sauro, wannan a cire shi daga rai.

An taɓa gwada ƙarfi da sauro a nan arewa, gwajin da duniya take karantawa har yau. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban aiki a ƙasar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Aka yi ta fesa magani a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da ba kowa ƙwayoyi. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bango bayan ya ci, waje yake fita. Abin da na fahimta daga Garki shi ne wannan ba yaƙin shekara guda ba ne, kuma ba a cin sa da makami guda. Wanda ya zo ya raba kaya sau ɗaya, aka ɗauki hoto, ya tafi, bai taɓa sauro ba.

Mu da muka kai shekaru muna tuna kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu, da ƙwayar da ake sha ranar Lahadi. Ƙwayar cutar ta saba da kulorokwin har ya daina yi mata komai, a 2005 Nijeriya ta sauya zuwa haɗin magani mai sinadarin atemisinin. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da shi a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kada wannan ya sa wani ya jiƙa tazargade ya ba yaro ya ce ya gama. Abin da ke cikin ganye ba shi da awo, kuma maganin da bai kai ba horar da cutar yake yi. Haka ma wanda ya sha na kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran domin gaba. Kwana uku ne, sai an cika. Da irin wannan ragowar aka yi jinyar ɗalibata.

A 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin rage mace-macen wannan cuta, shi ya sa ake tunawa da ita a wannan rana kowace shekara. An samu ci gaba, amma lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna an kamu da ita sau miliyan 263 a duniya, mutum kimanin 597,000 suka mutu. Kusan kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka suke, kuma kimanin uku cikin kowane huɗu na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan duniya. Ba mu da na biyu a wannan jarrabawa, kuma ba irin ta ɗayan da ake ba da kyauta ba ce. Alhali Aljeriya, inda aka fara ganin ƙwayar, an tabbatar ta rabu da cutar a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Mu ma nan gida mun ga ƙarshen kurkunu, wanda a da yake kwantar da manoma da tsakiyar damina; a 2013 aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi, kuma tace ruwa da haƙa rijiyoyi da bin ƙauye-ƙauye ne suka yi aikin.

Yanzu na juyo gare ku, 'yan'uwa mazauna birni. Kada ku ɗauka wannan ciwon 'yan ƙauye ne. Akwai wani sauro ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma gan shi a Jihar Gombe a 2020. Shi ba ruwansa da damina. Tankin ruwa da durom da rijiyar magina sun ishe shi, wato abubuwan da birni ya cika da su. Ku rufe tankunanku. Abu na biyu, 'ya'yanku da suka tashi a ɗaki mai raga a taga da fanka, balle waɗanda aka haifa a ƙasashen waje, ba su da sabon da 'yan'uwansu na gida suka samu da wahala. Ku kanku da kuka daɗe ba ku kwana a gida ba, sabon naku ya ragu. Kuna aiko mana da su dogon hutu a watan Agusta, lokacin da sauro ya fi ƙarfi, da jaka cike da biskit amma babu gidan sauro. Su koma birni, bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓi ya tashi, a ce kakarsu ta ba su wani abu. Kakarsu ba ta ba su komai ba sai fura. A gaya wa likita yaron ya je gida, a gwada jininsa. Gwajin nan na ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne, kuma ya fi a shiga kyamis a ce a haɗo na taifot da maleriya, al'adar da ta zama kamar gaisuwa.

Ranka ya daɗe, na ji cewa a cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar azahar har da gina ƙofar gari da kuɗin da aka tara bana. Ba na ƙin ƙofa, ni ma ina so baƙo ya san ya iso. Roƙona shi ne a ware wani kaso tun kafin a sayi siminti. Ba na cewa mu sayi gidajen sauro mu raba, domin gwamnati da masu taimaka mata suna rabawa lokaci-lokaci, kuma na ga inda wasu suke ƙarewa: an kewaye tumatir da su, an rufe kaji, an yi ragar ƙwallo. Abin da ya rage mana shi ne wanda babu mai yi mana. Sauron da ke kawo zazzaɓi ba ƙazamin kwata ya fi so ba, wannan na wani jinsin ne mai yawan kuka. Shi ɗan ruwa mai haske da rana take duka yake nema: ramin masu bulo, sawun taya a hanyar kasuwa, sawun shanu a bakin kududdufi, malalar da ke gindin famfon burtsatse. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne idan ana zafi. Ke nan matasan da za su zagaya sau ɗaya a mako da shebur da baro, daga Yuni zuwa Oktoba, suna cikewa suna buɗe wa ruwa hanya, za su rage wani abu. A da duba-gari ne yake wannan, har cikin randa yake leƙawa, muna yara muna gudunsa. Yanzu babu shi, sai mu.

Sai kuma abin da ya fi damuna, wato daren Asabar. A samu asusu a hannun amintattu biyu ko uku, da direban da aka yi yarjejeniya da shi, wanda kowane mai unguwa yake da lambarsa, domin duk yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa, a ɗauke shi a lokacin, a yi maganar kuɗi daga baya. Asibitin garinmu kuma kada ya yanke da kayan gwaji da maganin kwana uku a watannin damina. Jami'in da ke wurin ya fi ni sanin adadin da yake bukata. A tambaye shi, kada a yi masa zato.

Ga iyayenmu mata ina da magana biyu. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankinmu, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, maganin kariya wata-wata a lokacin damina. Masu rabawa suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Na kwana biyun nan shi ne ake mantawa a ƙarƙashin katifa. Mai juna biyu kuma ta je awo da wuri, domin cutar tana taruwa a mabiyiya ta rage wa ɗan tayi abinci, a haife shi ƙarami. Akwai ƙwayoyin kariya da ake ba ta bayan wata uku na farko. Allurar rigakafin maleriya ta yara, wadda aka daɗe ana jira, an fara ba da ita a Nijeriya a Disambar 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, ba ta kuma maye gurbin gidan sauro, amma duk inda aka same ta a kai yara, a kuma cika adadin. Ku 'yan boko na birni, idan jita-jita ta taso a kanta ta waya, maganarku tana da nauyi a gidajenku fiye da tawa.

Na bar wa sakatare takarda mai ɗauke da wuraren da ruwa yake kwanciya daga makarantar firamare zuwa tashar mota, waɗanda na bi na ƙirga da ƙafata a daminar da ta wuce. Ina roƙon shugaba ya sa a karanta ta kafin a kaɗa ƙuri'a a kan ƙofa. Idan an amince, ni zan riƙe rajistar matasan da za su yi zagayen, tunda aikin da na iya ke nan.